Fashin baƙi: Me ya sa birni da jiharsa kan amsa suna ɗaya?

Me ya sa ake samun birni da jiha da suna iri ɗaya, kuma idan an ambaci sunan, wanne daga ciki ake nufi? Tambayar takan taso ne duk lokacin da wani labari ya rikita jama'a. A watan Nuwamban 2025, da Zohran Mamdani ya ci zaɓen magajin garin New York, mai karanta kanun labarai cikin gaggawa zai iya ɗauka gwamna aka zaɓa. Alhali a lokacin gwamnar jihar New York, Kathy Hochul, tana nan kan kujerarta, kuma fadar gwamnatinta ma ba a birnin New York take ba, tana Albany, sama da kilomita 200 arewa da shi.

Haka kuma musun da ba ya ƙarewa kan ko Kano ce ta fi Legas yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba kowace daga cikin jihohin biyu sama da mutum miliyan 9, Kano tana ɗan gaba. Amma sau da yawa masu musun ba abu ɗaya suke magana a kai ba: wannan yana nufin jiha, wancan birni ne a ransa. A ganina, ruɗanin ba ƙarami ba ne, domin a bayansa akwai batun ƙuri'a, haraji, kasafin kuɗi, da sanin ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa idan an tauye masa hakki.

Abu biyu ne, ko da suna ya haɗa su

Birni matsuguni ne: gidaje da kasuwanni da tituna da suka haɗe da juna, yana girma da kansa ba tare da ya jira izinin kowa ba. Jiha kuwa yankin mulki ce da doka ta shata wa iyaka, ta ba ta gwamnati. A wata ƙasar ana ce mata jiha, a wata lardi, a wata yanki ko wilaya, kuma ikonsu ba ɗaya ba ne. Jihar Amurka tana da majalisarta da dokokinta, lardin Turkiyya kuwa gwamnati ta tsakiya ce take naɗa masa gwamna. Sai dai a batun suna, dukansu hanya ɗaya suka biyo.

Shi kansa birnin ba fuska ɗaya gare shi ba. Akwai tsohon gari, akwai iyakar da doka ta sani, akwai kuma inda gine-gine suka miƙe suka kai a zahiri, wanda galibi ya wuce iyakar doka nesa ba kusa ba. Idan aka haɗa da jihar, suna guda yana iya nufin wuri huɗu daban-daban.

Inda birni ne ya haifi ƙasar

Dalili mafi daɗewa, kuma mafi yawa, shi ne birni ya riga jiha zuwa duniya. Tun kafin a san taswira mai iyakoki, mulki yana zaune ne a cikin birni mai ganuwa, daga nan yake miƙa hannu zuwa ƙauyuka. Duk inda ikon mai mulkin birnin ya kai, duk inda ake kawo masa haraji, nan ne ƙasarsa, kuma da sunan birninsa ake kiranta. Babu wanda ya zauna ya raɗa mata suna.

Rum ita ce misalin da kowa ya sani: gari guda a bakin kogin Tiber, amma sunansa ya zama na daular da ta kewaye tekun Bahar Rum gaba ɗaya. A Suwizalan, biranen Zurich da Bern da Lucerne sun riƙa mallakar ƙauyukan da ke kewaye da su, wani da saye, wani da yaƙi, wani da yarjejeniya, har yankunan suka zama jihohin da suke ɗauke da sunayen biranen a yau. A Kanada, Faransawa sun kafa birnin Quebec a 1608, sai a 1763 Ingilishi suka sa wa lardin sunan. A Birazil, São Paulo ta fara ne a 1554 a matsayin ɗan matsugunin masu wa'azin Kirista, yanzu sunan na birni ne kuma na jihar da ta fi kowace yawan jama'a a ƙasar.

Ƙasar Hausa ta san wannan tsari tun da can. Akwai birnin Kano, akwai ƙasar Kano, kuma Sarkin Kano sarkin dukansu ne. Haka Katsina, haka Daura. Amma ko a nan ba doka ce ba: masarautar Zazzau ba ta ɗauki sunan Zariya ba, Gobir ma ba ta ɗauki sunan Alƙalawa ba. A Kabi kuwa abin juyawa ya yi, ƙasar ce ta ba Birnin Kebbi suna. Da Turawan mulkin mallaka suka zo suka raba Arewa larduna, sai suka bi abin da suka tarar: Lardin Kano, Lardin Sakkwato, Lardin Zariya, Lardin Bauchi, Lardin Ilori, kowanne da sunan garin da Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardin, yake zaune.

A nan ne aka shuka irin ruɗanin da ake girba yanzu. Lardi ya fi masarauta faɗi. Lardin Kano bai tsaya ga masarautar Kano ba, ya haɗa da Haɗejiya da Gumel da Kazaure, kowace da sarkinta da tarihinta. Lardin Sakkwato ya haɗa da Gwandu da Argungu da Yawuri. Ke nan sunan birni ɗaya ya lulluɓe mutanen da ba su taɓa ɗaukar kansu 'yan wannan birnin ba.

Har ƙasashe masu cin gashin kansu akwai waɗanda birni ya ba suna. Tunisiya daga Tunis, Aljeriya daga birnin Algiers, Meziko daga tsohon birnin da ya zama fadarta. Kuwait da Jibuti da Panama da Luxembourg duk suna ɗaya suke amsawa da manyan biranensu.

Inda biron ma'aikaci ne ya yanke

Dalili na biyu ba na tarihi ba ne, na sauƙin aiki ne. Idan gwamnati ta tashi raba ƙasa gida-gida a lokaci guda, hanya mafi sauƙi ita ce ta zaɓi garin da za a ajiye gwamna da kotu da baitulmali, sai ta kira yankin da sunansa. Kowa ya ji sunan ya san inda zai kai ƙara ko ya karɓi takarda.

Sifen ta yi haka a 1833, lokacin da ta raba ƙasar larduna, kusan duka da sunayen hedkwatocinsu. Turkiyya tana da larduna 81, kuma in ban da 'yan kaɗan irin su Hatay da Kocaeli da Sakarya, sunan lardi shi ne sunan babban garinsa. Wilayoyin Aljeriya ma haka suke. A Jamhuriyar Nijar babu ko togiya ɗaya: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Zinder, wadda aka fi kira Damagaram, kowace jiha da sunan hedkwatarta. A Saudiyya akwai birnin Makka mai alfarma, akwai kuma yankin Makka, wanda Jidda da Ɗa'ifa suke cikinsa. Wanda ya sauka a filin jirgin Jidda ya shiga yankin Makka a takardar gwamnati, amma bai shiga harami ba tukuna.

Faransa ta bi kishiyar wannan hanya da gangan. A 1790, bayan juyin juya hali, an soke tsofaffin larduna aka kafa sababbi 83, aka ba mafi yawansu sunayen koguna da duwatsu, don kada wani ya ci gaba da jin shi ɗan tsohon lardin wane ne kafin ya zama Bafaranshe. Wannan ya nuna cewa raɗa wa yanki suna siyasa ce, ba aikin magatakarda kawai ba.

Najeriya ta ɗanɗana duka biyun. Ranar 27 ga Mayun 1967, da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, biyu kaɗai ne suka ɗauki sunan birni, Kano da Legas. Akasarin sauran da kusurwa aka kira su: Arewa maso Yamma, Arewa ta Tsakiya, Arewa maso Gabas da sauransu. A watan Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya mayar da su 19, ya kuma watsar da sunayen kusurwa don a rage tunawa da tsofaffin yankunan siyasa. Nan ne aka sami jihohin Kaduna da Sakkwato da Bauchi. Katsina ta zo a 1987, Inugu a 1991, Gombe a 1996. Yau cikin jihohi 36, bakwai ne sunansu ya zo ɗaya da na babban birninsu: Bauchi, Gombe, Inugu, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato.

Abin lura shi ne jihohi da yawa, musamman inda ƙabilu suka cuɗanya ko garuruwa suke gogayya, sunan kogi aka ba su: Binuwai, Neja, tsohuwar Gongola, Ogun, Imo, Taraba, Yobe. Kogi ba ɗan kowane gida ba ne, babu garin da zai ce an fifita wani a kansa.

Inda ba birni ne ya fara ba

Wani lokaci jiha ce take ba birni suna. Birnin Oklahoma an kafa shi a 1889 a yankin da aka riga aka sani da wannan suna, yankin ya zama jiha a 1907, birnin kuma ya karɓi fadar gwamnati a 1910.

Wani lokaci kuma dukansu biyu daga wuri na uku suka ɗebo. A 1664 Ingilishi suka ƙwace New Amsterdam daga hannun mutanen Holan, suka sa wa garin da yankin gaba ɗaya New York, don girmama James, basaraken York, ƙanen Sarki Charles na Biyu. Kaduna daga kogi ta samo suna: kogin ya ba garin da Turawa suka gina suka mayar hedkwatar Arewa, daga baya jihar ta gada. Kansas City, babbar, ba ta ma cikin jihar Kansas, a Missouri take. An sa mata suna ne daga kogin Kansas tun kafin a yi jihar a 1861. Ita kuwa Washington, birnin tarayya yana gabashin Amurka, jihar tana can ƙuryar arewa maso yamma, tazarar dubban kilomitoci, babu abin da ya haɗa su sai sunan shugaban ƙasar na farko.

Suna ɗaya, dangantaka iri-iri

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk birnin da ya yi suna ɗaya da jiha shi ne fadarta. Albany ta zama fadar New York tun 1797. Fadar jihar Legas tana Ikeja. Akwai garin Oyo amma gwamna yana Ibadan, akwai garin Ondo amma gwamna yana Akure, akwai garin Nasarawa amma gwamna yana Lafiya.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne birnin da ba ya ma cikin jihar da suke suna ɗaya. Birnin Meziko daban yake da jihar Meziko, wadda fadarta take Toluca. An cire birnin ne a 1824 aka mayar da shi yankin tarayya. A ƙidayar 2020 birnin yana da mutum kimanin miliyan 9.2, jihar kuma kusan miliyan 17, da yawa daga cikinsu mazauna unguwannin da suka manne da birnin, waɗanda baƙo ba zai iya gane inda iyaka ta ratsa ba. A Ajantina sai da aka zubar da jini a 1880 kafin a raba birnin Buenos Aires da lardin Buenos Aires, lardin ya koma ya gina sabuwar fada, La Plata, a 1882. A Rasha, Mosko daban, lardin Mosko daban. Can kuma a arewa, birnin Leningrad ya koma tsohon sunansa na St. Petersburg a 1991, amma lardin da ke kewaye da shi har yau Leningrad yake.

A ɗaya ɓangaren akwai inda birnin shi ne jihar kanta. Berlin da Hamburg a Jamus, da Vienna a Ostiriya, magajin garinsu shi ne shugaban gwamnatin jiha.

Inda abin yake taɓa talaka

Na farko shi ne labari. Idan aka ce an kai hari a Kaduna ko an yi ambaliya a Sakkwato, mai ɗan'uwa a cikin gari hankalinsa zai tashi, ɗan kasuwa ya fasa tafiya, alhali abin ya faru ne a wani ƙauye mai tafiyar sa'o'i daga birnin. Cutarwar kashi biyu ce. Birni ya ɗauki baƙin jinin abin da bai faru a cikinsa ba, ƙauyen da aka yi wa ɓarna kuma sunansa bai fito ba, balle a san da shi a kai masa ɗauki. Wannan na biyun ya fi damuna. Ɗan jaridar da ya ƙara kalma uku ko huɗu, ya faɗi ƙaramar hukuma da sunan garin, ya yi wa mutanen wurin babban aiki.

Na biyu alƙaluma. Birnin New York yana da mutum miliyan 8.8 a ƙidayar 2020, jihar kuma miliyan 20.2, wato sama da rabin mutanen jihar ba a birnin suke ba. Faɗin jihar Kano ya ninka na jihar Legas fiye da sau biyar, kuma Legas kusan dukanta gari ce, Kano kuwa tana da karkara mai yawa. Don haka jihar Kano tana iya fin jihar Legas yawa a ƙidaya, birnin Legas kuma ya fi birnin Kano, ba tare da magana ɗaya ta ƙaryata ɗaya ba. Haka abin yake a alƙaluman ilimi da lafiya. Idan aka haɗa manyan asibitoci da makarantun birni da na karkara aka fitar da matsakaici, sai jiha ta fito da kyau a takarda, mai naƙuda a ƙauyen da babu ungozoma kuma ta ɓace a cikin lissafin.

Na uku, wa za a tambaya? A New York, jirgin ƙarƙashin ƙasa da motocin bas na birni suna hannun hukumar MTA, wadda ta jiha ce, gwamna ne yake zaɓar shugabanta. Magajin gari ba zai iya ƙara harajin kuɗin shiga na birnin ba sai majalisar jiha a Albany ta amince. Mai jefa ƙuri'ar da bai san wannan ba zai ɗora wa mutum laifin abin da ba a hannunsa yake ba. A Najeriya lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin kundin tsarin mulkin 1999 matakai uku ya sani: tarayya, jiha da ƙananan hukumomi 774. Birni ba mataki ba ne. Abin da ake kira birnin Kano ya bazu a kan ƙananan hukumomi takwas daga cikin 44 na jihar, Birni da Kewaye da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, babu shugaba guda da aka zaɓa don ya riƙe su a matsayin gari ɗaya. Sai nauyin shara da magudanai da cunkoson motoci ya koma kan gwamna, gwamnan jiha ya zama kamar magajin gari, hankalinsa da kuɗinsa su karkata zuwa inda idon jama'a yake.

Akwai kuma haraji. Gine-ginen Legas sun daɗe da tsallakawa cikin jihar Ogun. Mazaunin Mowe ko Ota da ke shiga Legas aiki kullum zai ce maka shi ɗan Legas ne, amma a doka harajin albashinsa na jihar da yake kwana ne.

Masu cewa a sauya da masu cewa a bari

Masu neman a raba sunan suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce idan jiha ta ɗauki sunan birni, mutanen birnin sukan ji kamar su ne masu gida, sauran kuma 'yan rakiya. Tarihi ya goyi bayansu a wurare da dama. A Basel ta Suwizalan, mutanen karkara sun yi tawaye kan yadda birni ya danne su a majalisa, har aka raba jihar biyu a 1833, Basel ta birni da Basel ta karkara. A Indiya an raba jihar Bombay a 1960 aka sami Maharashtra da Gujarat, jihar Madras ta koma Tamil Nadu a 1969, jihar Mysore ta koma Karnataka a 1973, duk don sunan ya wakilci al'ummar jihar, ba gari guda ba. A Sifen, lardunan Logroño da Santander da Oviedo sun koma La Rioja da Cantabria da Asturias a farkon shekarun 1980. A Najeriya, Jigawa ta fita daga Kano a 1991, Kebbi ta fita daga Sakkwato a wannan shekarar, Zamfara ta biyo baya a 1996, kuma har yanzu ana jin masu neman jihar Katagum daga Bauchi, Gurara daga Kaduna, Tiga daga Kano.

Masu cewa a bari su ma ba su rasa abin faɗa ba. Sunan babban birni jari ne: duniya ta san shi, mai zuba kuɗi da mai saye sun san shi, kuma manomin da ke can gefen jiha yana cin moriyar wannan shaharar idan kayansa suka fita. Sauya suna kuma yana cin kuɗi, daga takardun shaidar asali da na filaye har lambobin mota da allunan ofisoshi.

Ni dai ina ganin ɓangaren farko sun gano ciwon amma ba lalle ne maganin da suka kawo ya warkar da shi ba. Jihohin da aka ba sunan kogi ma fadar gwamnati ce take lashe kaso mafi tsoka na tituna da asibitoci. Abin da sunan yake yi shi ne ya sa wannan fifikon ya zama kamar haka Allah ya yi shi, har a daina tambaya. Gyaran da ya fi kusa shi ne a riƙa fitar da kasafin kuɗi da alƙaluman ci gaba ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a kuma yi tunanin ba manyan birane tasu hukumar da jama'a za su zaɓa, don gwamna ya sami sararin duba sauran jihar.

Ga mai son a sauya sunan kuwa, hanyar ba gajeriya ba ce a Najeriya. Sunayen jihohi 36 a rubuce suke a cikin kundin tsarin mulki, don haka taɓa ko da ɗaya yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sannan majalisun jihohi 24 su sa hannu. Ƙirƙirar sabuwar jiha ta fi haka wahala, domin sai an haɗa da ƙuri'ar raba gardama a yankin da ke nema. Tun bayan yankin Yamma ta Tsakiya da aka kafa a 1963, duk jihohin da aka ƙirƙiro a ƙasar gwamnatocin soja ne suka yi su.